Miyar Jego a Ɗakin Iya Jindo

Shafi na 19

Masu cewa Mal-suk ta cika jan rai, na ji ku. Hannuna biyu ne kacal, kuma tun safe suna kan bayan matan da nake cuɗawa a gidan wanka. Ke kuma da kika rubuto cewa Iya Jindo mayya ce, ki sha ruwa ki zauna, tsohuwar nan ko kiyashi ba ta takawa. Yau dai ku matso kusa.

Asabar ɗin nan girkin gida ya faɗo kaina ni da Iya Jindo.

Kun san yadda Gidan Tukunya Ɗaya yake. Kicin ɗaya, dogon tebur ɗaya, kowa da ranar girkinsa. Masu hali sun sayi sassansu da kuɗinsu. Mu uku da hannunmu bai kai ba aka ba mu ƙananan ɗakunan hawa na uku, haya mai sauƙi, da sharaɗi guda: ɗaki ɗaya, mutum ɗaya. Baƙo ba ya wuce mako sai an kai maganarsa gaban taro. Wanda ya karya wannan, a canja masa lambar sirrin da ake dannawa a buɗe ƙofa, ya nemi wani wurin.

Iya kuwa ba ta da wani wurin. Ta haura saba'in, miji ya rasu, ba ɗa ba jika. Kafin ta zo nan a wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa take, ruwan damina ya cinye shi har da katifa. Daga tsibirin Jindo ta fito, shi ya sa sunan ya bi ta.

Ina wanke shinkafa, tana yanka kabeji. Ba kowa a kicin sai mu.

"Iya."

"Uhm."

"Jiya ma miyok kika dafa."

"Ke dai hancinki ba ya zuwa hutu."

"Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ko atishawa kika yi, ni ke ce miki sannu."

"Ranar haihuwata ce ta zagayo."

"Makon jiya ma haka kika ce."

"To ta sake zagayowa."

"Iya, wai sau nawa aka haife ki?"

Ba ta yi dariya ba. Wuƙar dai ta ci gaba da sauka a kan katako, amma yankan ya fara fita a karkace.

Miyar miyok, ganyen tekun nan, ba wanda bai san ta ba. Ranar haihuwarka ta zagayo, ka sha kwano ɗaya, a wuce wurin. Amma tukunya da safe, tukunya da rana, tukunya da yamma, da naman sa da man riɗi, har ana neman mako na uku? Wannan mai jego kaɗai ake yi wa. Ko yaron firamare ya shaƙi wannan ƙamshin zai tambayi ina jaririn.

Na tsiyaye ruwan shinkafar na juyo.

"Na gan ki ranar da kika dawo da shi daga kasuwa."

"Da wa?"

"Da ganyen. Ya kusa kai tsawonki, kin rungumo shi a miƙe kamar kin ɗauko tabarma, kina ta juyi da shi a ƙofar lif. Me ya hana ki lanƙwasa shi ki jefa a jaka kamar kowa?"

"Tsufa ne. Mantawa na yi."

"Ke 'yar Jindo ce za ki manta yadda ake naɗe miyok? Haba Iya, ki nemi wata ki faɗa wa."

Ganye ɗaya ne ba a lanƙwasawa a ƙasar nan, wanda aka saya wa mace mai shirin haihuwa. Tsofaffi sun ce in ka karya shi, haihuwar za ta zo da gardama. Yaran yanzu ba ruwansu, a leda suke saye a yayyanke. Amma Iya ta gwammace duk titi ya gan ta da ta saɓa wa abin da uwarta ta koya mata.

"Talabijin ɗinki kuma," na ce, "da ba kya kunnawa sai lokacin labarai. Yanzu yini yake yana ihu."

"Kunnena ya yi nauyi."

"Kukan da nake ji a ƙarƙashin ihun fa?"

"Kyanwa ce."

"Kyanwar da ake yi wa waƙa tana yin shiru?"

Ta ajiye wuƙar. Ta goge hannu da gefen zanen gabanta, ta sake gogewa, alhali ba abin da ya taɓa hannun.

Wallahi tausayinta ne ya kama ni, amma bakina in ya buɗe sai ya kai ƙarshe. Na rage murya.

"Ranar Talata ban je aiki ba, bayana ya riƙe. Da rana tsaka na ji motsi, na leƙa ta hujin ƙofa. Wa zan gani? Malam Eom."

Ta ɗago da sauri.

"Mijin Shugabar gidan nan da kansa, Iya. Yana saukowa daga hawa na huɗu da safa kawai, takalmansa a hannu ɗaya, ledar nama a ɗaya hannun. Dattijo, tsohon malamin makaranta, yana sanɗa kamar ɓarawon kaji. Kuma bai ƙwanƙwasa ba. Da yatsansa ya danna lambar ƙofarki."

"Rufe min baki, Mal-suk."

"Ni da ko kimci, kabejinmu mai yaji, tare muke rabawa da ke, ban san lambar ƙofarki ba."

"Na ce ki rufe min baki!"

Ba zan ɓoye muku abin da ke raina ba. Shekara da shekaru ina cuɗa bayan mata, ba irin labarin da ban ji ba a cikin tururi. Namiji ya yi ɓarnarsa a waje, abu ya zama ciki, ya rasa inda zai kai, sai ya dubi wadda ba ta iya ce masa a'a. Ya san Iya a ƙarƙashin alfarmarsu take zaune. In asiri ya tonu, shi yana da sashensa da takardunsa, abin da zai same shi bai wuce kwana uku a kan kujerar falo ba. Iya ce za ta tsaya a titi da tukwanenta.

"Me ya yi miki alkawari?" na ce.

"Ba abin da kike zato ba ne."

"To mene ne?"

"Ke dai ki ƙyale ni. Saura kaɗan."

"Saura kaɗan me?"

Ta kamo wuyan hannuna. Tsohuwar nan akwai ƙarfi, har na ji zafi.

"In mako uku ya cika, ni da bakina zan je gaban taro. Kafin nan ko yanka ni za a yi, ba mai shiga ɗakin nan. Ki rufa min asiri, 'yar nan. Ban taɓa roƙon ki komai ba."

Kafin in buɗe baki muka ji tafi daga bakin ƙofa.

"Masu girki! Ƙamshi har hawa na huɗu!"

Shugaba Seok Hye-ran ce. Gashi a gyare, murmushi a shirye, silifas ɗinta na cikin gida ma da kwalliya. Ita ce shugabar kwamitin gida. Ita ta dage tun farko sai an ware ɗakuna uku don marasa ƙarfi, wannan gaskiya ne, kuma ba ta taɓa barin mu mun manta ba. Duk sanda baƙi suka zo ganin gidan, in an gama nuna musu lambun rufi, mu ake nunawa.

Ta matso ta dafa kafaɗar Iya.

"Iya, kin yi wuyar gani. Kwana biyu ba kya zama hira."

"Ƙafa ce, Shugaba."

"Ayya, ƙafa. Amma na ga kina hawa rufi shanya tun gari bai gama wayewa ba."

"Ranar safe ta fi busarwa."

"Haka ne." Ta ɗan sunkuyo kamar za ta gyara wa Iya wuyan riga, ta ja numfashi a hankali. Na ga hancinta ya buɗe. "Haka ne, Iya. Ku gama, mutane sun fara sauka."

Da ta fita na dubi Iya, Iya ta dubi kabeji. Na san wannan murmushin. Shi ta yi wa mai gyaran famfo ranar da ta kore shi.

Aka zauna cin abinci. Tebur ya cika, yara suna ta hayaniya a ƙarshensa. Ni ko loma ba ta wuce min ba, idona na kan Malam Eom. Kansa a cikin kwano, yana ta tura shinkafa kamar an ba shi kwangila. Sau ɗaya ya saci kallon Iya, ya ga ina kallonsa, ya yi wuƙi-wuƙi ya koma kwano.

Munafuki, na ce a raina.

Ana cikin haka Shugaba ta buga cokali a jikin kofi.

"Yara su tafi ɗakin wasa. Manya, ina da 'yar magana. Ba faɗa ba ne, mu ai ba ma faɗa a gidan nan."

Da yaran suka fice, ta sa hannu a aljihu ta fito da wani abu ta ajiye a tsakiyar tebur, kusa da kwanon kimci.

Safa ce. Fara, ƙarama, ko babban yatsana ba zai shige ta da daɗi ba.

"A rufi na tsinta, ƙarƙashin igiyar shanya. Ta wa ce?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

"Na tambaya ne kawai. Ƙaramin yaron gidan nan ajinsa biyu a firamare."

Likitan haƙorin hawa na biyu ya yi 'yar dariya.

"Wataƙila iska ce ta kawo daga maƙwabta."

"Wataƙila," in ji Shugaba. "Wataƙila iskar ce ma ta hau lif da miyok a miƙe. Ni ma na gani, Iya. Uwata ta saya min irinsa, na san shi."

Duk idanu suka koma kan Iya. Ta ajiye cokalinta a hankali, ta haɗa hannuwa a cinya.

"Iya, mu nan iyali ɗaya ne," Shugaba ta ci gaba, murya kamar tana lallashin yaro. "Ba ni na kafa doka ba, mu duka muka kafa. In ofishin gunduma ya ji akwai mutumin da ba a rubuta ba a ɗakin tallafi, ba ke kaɗai zai shafa ba. Ki faɗa mana gaskiya. Wa ke ɗakinki?"

"Ni ce a ɗakina."

"Ke kaɗai?"



Matar likitan ta ce, "Ni dai tun farko na faɗa. Irin wannan taimakon, ka ba da ɗaki a mayar maka da shi masauki."

Jinina ya hau.

"Wace ce irin, Madam? Mu ne irin?"

"Ni ban kira suna ba."

"Ba sai kin kira ba, cokalinki ya nuna mu."

"Mal-suk, ya isa," in ji Shugaba.

Sai a lokacin Malam Eom ya ɗago.

"Maman Da-on, ki bari a gama cin abinci mana. Wannan maganar ba ta tebur ba ce."

Da sunan 'yarsu tilo suke kiran juna, kamar kowane miji da mata.

"Baban Da-on, ci abincinka."

"Na ce ki bari zuwa wani makon."

"Wani makon? Kai da ko taro ba ka zama, yau kai ne da ra'ayi?" Ta miƙe ta ɗauki safar. "Ba wani abu ba ne. Mu hau mu duba. In ba kowa, ni zan durƙusa in ba Iya haƙuri a gaban kowa."

Iya ta riga kowa tashi.

Ban taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba. Ba ta jira lif ba. Matakala ta kama, tana jan ƙafar nan mai ciwo, hannu a jikin ƙarfe, muna biye da ita kamar masu rakiyar gawa. Da muka iso hawa na uku mun tarar ta jingina bayanta da ƙofa, ta ware hannuwa biyu, tana haki. Daga ciki talabijin na ta surutu.

"Ba mai shiga."

"Iya, matsa."

"Ba mai shiga, Shugaba. Mako uku bai cika ba."

Wani ya ce, "Kai!" Matar likita ta dafe ƙirji. Shi ke nan, Iya ta amsa da bakinta. Mako uku na farko ba a shiga wurin mai jego, kowa ya san haka, don kada baƙo ya shigo wa jariri da abin da ya kwaso a waje.

"To," in ji Shugaba. Murmushin ya tafi. "An zo wurin. Wace ce?"

"'Yar mutane ce."

"Kowa ma ɗan mutane ne. Danginki ce?"

"A'a."

"Haya kika ba ta?"

"Allah ya kiyaye."

"To a ina kika samo ta?"

"A nan na same ta. A zaune a kan matakalar nan, ciki ya tsufa, ƙafa ta kumbura, tana kuka ba sauti. In wuce ta in shiga in rufe ƙofa?"

"Sai ki kawo maganar taro."

"Ta roƙe ni kada in kawo."

"Ita ta ba ki ɗakin ko mu?"

Iya ta sunkuyar da kai. Na waiwaya na ga Malam Eom can baya, a maƙale da bango, yana share gumi da hankici. Tsohuwa na shan tambaya saboda shi, shi kuma ya yi tsit kamar ya zo kallo.

A nan ne linzamin bakina ya tsinke.

"Shugaba, ki daina matsa wa tsohuwa."

"Mal-suk, ba da ke nake ba."

"Ni kuma da ke nake. In lambar ƙofa kike so, ba sai kin roƙi Iya ba. Akwai wanda ya san ta a nan."

"Mal-suk!" Iya ta daka min tsawa. "Kada ki!"

"Ki bar ni, Iya. Ba za a kore ki a kan kayan wani ba." Na juya na nuna Malam Eom da baki. "Malam, ka faɗa musu mana. Ko sai ka cire takalmi ka riƙe a hannu kake tuna lambar?"



Shugaba ta juya a hankali.

"Baban Da-on?"

"Mu hau sama, zan yi miki bayani."

"Me take cewa?"

"Ba a nan ba, don Allah. Ba a gaban mutane ba."

"Naman da na ce ka sayo ranar Talata, ka ce mahauci ya rufe." Muryarta ta yi ƙasa. "Nan ka kawo shi?"

Ya share gumi.

"Tawul ɗina sababbi da na nema na rasa?"

Ya sake share gumi.

Gaskiya a lokacin tausayinta ya kama ni. Duk isarta, duk gyaran gashin, sai na ga mace ce kawai da ƙasa ta zame mata a ƙafa. Ta dubi mijinta, ta dubi ƙofar, ta dubi mutanen da ke tsaye suna kallo.

"Shekara talatin ina wanke maka safa," ta ce. "Ka rasa inda za ka ajiye min wannan abin kunyar sai a ƙarƙashin ƙafata? Hawa ɗaya tsakanina da ita? Ina kwana a samanta?"

"Ba haka ba ne, Maman Da-on. Ki saurare ni."

"Danna lambar."

"Ba zan danna ba."

"Danna, na ce!"

"Ta sa na yi mata rantsuwa."

"Ta sa ka rantsuwa!" Ta yi wata dariya mara daɗin ji. Ta juyo wurinmu. "Ku zama shaida. Ko wace ce a cikin ɗakin nan, yau za ta bar gidan nan, ita da abin da ta haifa. Wadda ta ɓoye ta kuma ta fara ɗaure kayanta."

"Shugaba, ki janye wannan maganar," in ji Iya. "Don girman Allah ki janye tun ba ta yi nisa ba."

"Matsa daga ƙofar nan."

Sai talabijin ya mutu.

A cikin shirun muka ji kukan, siriri, irin na jaririn da bai san duniya ba tukuna. Muka ji takun ƙafa a hankali. Makullin ƙofa ya yi 'yar ƙararsa, daga ciki.

"A'a, 'yar nan, koma!" Iya ta ce. "Iska za ta shige ki!"

Ƙofar ta buɗe. Zafin ɗakin ya bugo mu, ga ƙamshin miyok. Iya ta ƙure wutar da ke ɗumama ƙasan ɗakin kamar ana tsakiyar sanyi. A bakin ƙofa, daga ciki, an gitta igiyar karan shinkafa, an sossoke ta da gawayi da koren ganye, irin wadda rabona da gani tun ina yarinya a ƙauye. Mace aka haifa ke nan, don da namiji ne da jan barkono za a soka.

A bayan igiyar wata yarinya ce tsaye, cikin rigar sanyin Iya da safa mai kauri, fuska ta kumbura, gashi a tsefe. Ta rungume jaririya a ƙirji.

Na kalle ta, na sake kallo.

"Umma," ta ce.

Da-on ce. 'Yarsu tilo, wadda uwarta ke gaya mana tana can birnin Daejeon tana karatun jarrabawar shiga aikin gwamnati, ko waya ba ta da lokacin ɗauka.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Malam Eom, mutumin da na gama yi wa fenti a gaban jama'a, hawaye na bin fuskarsa, bai ko kalle ni ba.

"Umma, Abba bai da laifi. Iya ma ba ta da laifi. Ni na ce kada su faɗa miki."

Shugaba ba ta motsa ba. Safar na hannunta, ta dunƙule ta.

"Wurinki na fara zuwa, Umma. Na hau har ƙofarki. Na tsaya, na ji kina waya kina cewa 'yata ta kusa zama ma'aikaciya. Na kasa danna ƙararrawa. Na sauko."

"Ina uban?" wani ya raɗa a bayana.

"Babu," in ji Da-on, ba tare da ta dubi mai maganar ba. "Ya gudu. Ni ce kawai."

Na ɗauka Shugaba za ta faɗi, ko ta yi ihu, ko ta tsallake igiyar ta rungume 'yarta. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ko 'yar ba ta kalla ba, balle jaririyar. Idonta ya wuce su ya sauka can cikin ɗaki, kan tukunyar da ke tafasa a kan murhu.

Ta juyo wurin Iya.

"Ke kika dafa mata?"

"Ni ce, Shugaba."

"Tun ranar farko?"

"Tun ranar farko."

"Kwanon farko, wanda ake ba mace da ta sauka. Ke kika miƙa mata?"

"Ba kowa a asibitin sai ni da babanta."

"Ina raye." Muryarta ta fashe. "Ina raye, ina samanki, kika je kasuwa kika saya wa 'yata miyok. Kika ɗaura mata igiya. Kika gaishe ni kullum a matakala kina kallon idona. Wa ya ba ki? Ke da ba ki taɓa haihuwa ba, wa ya ba ki wurina?"

Maganar nan ta daki Iya, na ga ta dafa bango.

"Umma, kada ki faɗa mata haka!"

"Maman Da-on, ya isa!"

Shugaba ta share fuskarta da tafin hannu. Ta gyara gashinta, ta miƙe tsaye sosai. Da ta sake magana, muryar taro ce ta fito, wadda muka saba ji.

"'Yata da jikata za su koma hawa na huɗu. Wannan maganar gidana ce, ba ta shafi kowa ba. Abin da ya shafi kowa shi ne an karya dokar ɗaki, kuma duk kun gani da idonku."

"Haba Shugaba," in ji likita. "Ai 'yarki ta taimaka wa."

"Doka ba ta san 'yar kowa ba. In na ɗaga ƙafa yau don 'yata ce, gobe me zan ce muku?" Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kowane gida yana nan. A gidan nan ba a karɓar ɗaki sai kowa ya yarda, ban da mai ɗakin, hannu ɗaya in ya ƙi tashi magana ta mutu. Wanda ya yarda a karɓi ɗakin Iya, ya ɗaga hannu."

Ta ɗaga nata, da safar a ciki.

Matar likita ta ɗaga. Likitan ya dubi matarsa, ya dubi ƙasa, ya ɗaga. Sai na bayansu, sai na gefe, kowa na kauce wa idon Iya. Malam Eom ya buɗe baki, Shugaba ta ce masa gidansu hannu ɗaya gare shi, kuma ya riga ya tashi. Ɗaya maƙwabcinmu na ɗakin tallafi, dattijon da ke gadi a wurin ajiye motoci, ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ɗaga hannu zuwa kunne.

Jaririya ta sake fashewa da kuka. Iya ba ta dubi kowa ba, sai ƙoƙarin jawo ƙofa take don iska kada ta shiga.

Hannuna biyu suna cikin aljihun rigar girki.

Shugaba ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Mal-suk. Wata mai zuwa ne ake sabunta zamanki a ɗakinki, ko na manta?"



"Ke muke jira," ta ce.